Kafin Ƙawayenta Su Bi Ta: Yadda Ake Tattara Tarihin Uwa Ko Kaka Bayan Rasuwarta

Duk wanda ya taɓa zaman makokin tsohuwa ya san maganganun da ake ta nanatawa. Mace ce mai haƙuri. Ba ta da abokin faɗa. Ga riƙon zumunci. Shaida ce mai kyau, muna kuma roƙon Allah Ya sa ta bi ta. Sai dai in aka yi arba'in aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa, abin da ke saura a hannun jikoki ke nan, kalmomi uku da za a iya faɗa a kan kowace tsohuwa a unguwa. Shekara saba'in ko tamanin na daka da goyo da jinya da sana'a duk sun shige cikin "mai haƙuri ce". Haƙurin me ta yi, da wa, a wace shekara? Shiru.

Uba ya fi samun sa'a. Sunansa na manne da namu, ga gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa, wani ma har da takardun aiki. Uwa kuwa kunya ta rufe sunanta: Inna, Iya, Gwaggo, Hajiya. Akwai jikokin da ba su taɓa jin sunan yankan kakarsu ba sai ranar sanarwar rasuwa. Ni na yi wannan aiki a kan kakata ta wajen uwa, amma na fara shi a makare, bayan aminiyarta ta ƙuruciya ta riga ta bi ta. Har yau akwai shekarun rayuwarta da babu mai iya ba ni labarinsu, kuma abin yana ci mini rai.

Adana tarihin mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta yi waƙoƙin alhini ga matan da ta zauna da su, har da maƙwabciyarta, tana lissafa halayensu. Wata dattijuwa kuma, Baba mutuniyar Karo, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, bayan ta rasu. Ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, amma don an zauna an saurare ta, har yanzu ana sanin yadda aka yi aurenta da abin da ta gani lokacin zuwan Turawa.

Fara da haƙƙin da ke kanta

Kafin tarihi akwai bashi. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya sa biyan bashi da cika wasiyya gaba da rabon gado. Bashin tsofaffin mata kuwa ba a rubuce yake ba. Akwai zubin adashin da ta ɗauka ba ta gama biya ba, akwai kuɗin da maƙwabciya ta ba ta ajiya a ɓoye, akwai ragowar kuɗin mai gero ko mai gyaɗa, akwai akuyar da ta ba wata kiwo a ƙauye. Maza ba su san waɗannan ba. A sa mace babba a gidan ta yi cigiya a cikin mata tun ana zaman makoki: duk mai bin ta, ko wadda take bi, ta yi magana. A rubuta sunaye.

Wannan jerin sunaye shi ne takardar tarihinta ta farko, domin ya nuna maka mutanen da ta yi hulɗa da su ba da saninka ba.

Littafi da biro a zaman makoki

Makoki ba wurin yi wa mutane tambayoyi ba ne, kada ma ka soma. Amma shi ne taro na ƙarshe da zai haɗa duk wanda ya san ta a wuri guda. Ka ba wata jika mai natsuwa ƙaramin littafi ta zauna a cikin gida, wani kuma a ƙofar gida. Duk baƙon fuskar da ya zo daga nesa, a rubuta sunansa, garinsu, dangantakarsa da mamaciya, da lambar wayarsa ko ta ɗansa. A lura musamman da tsohuwar da ta shigo tana hawaye alhali babu wanda ya gane ta a cikin yara. Sau da yawa irin wannan ita ke riƙe da shekarun da ba ku sani ba.

In an watse, ka je wurin babban gida, mijinta in yana raye, ko ƙanenta, ko babban ɗanta, ka faɗa masa niyyarka. Ba don zai hana ba. Don in ka isa ƙauye ka ce Kawu ne ya turo ni, bakin mutane ya fi saurin buɗewa.

Wa za a fara gani

Wanda ya fi tsufa, da wanda ya fi rashin lafiya. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci. 'Ya'yanta suna nan, in Allah Ya so, za su jira. Sa'o'inta ne ba za su jira ba.

Aminiyarta ce kan gaba. Ita ta san dandalin da suka yi gaɗa, ta san wanda ya fara neman aurenta, ta san dalilin yajin da ta taɓa yi. Sai yayyenta da ƙannenta mata, su ne suka san gidan da aka haife ta da wanda ya riƙe ta. Sai abokiyar zamanta, in ta zauna da kishiya. Kada ka tsallake ta don tsoron abin da za ta ce. Matar da suka yi shekara talatin suna karɓa-karɓar girki ta san ta fiye da kowa, kuma mutuwa kan sanyaya abin da rayuwa ta zafafa.

Bayan su sai 'ya'yan riƙo, da almajiran da suka ci tuwonta, da 'yan matan da suka yi mata talla waɗanda yanzu su ma sun yi jikoki, da matan 'ya'yanta. Su surukan nan suna da labarin wankan jego da kunun kanwa da daren da ta kwana zaune da jariri.

'Ya'yan cikinta kuwa kowanne uwa daban ya sani. Ɗan fari sau da yawa shi ya fi ƙarancin labari, domin kunya ta hana ta sakewa da shi, ba ta ma kiran sunansa, wataƙila ma a hannun kakanni ya tashi. Auta ya san tsufanta da taushinta. Jikoki kuma sun san bakinta na wasa, ita da "mijinta" da "kishiyarta". Ka ji ta bakin kowa, kada ka ɗauki na mutum ɗaya a matsayin duka.

Yadda ake zama da tsohuwa

In ke mace ce, aikin nan ya fi miki sauƙi, don za ki shiga har ƙuryar ɗaki. In kai namiji ne, tafi da ƙanwarka ko matarka, akwai maganar da ba za a yi a gabanka ba, ka fita ka ba su wuri.

Kada a je hannu rabbana. Goro, sabulu, turare, ɗan abin sayen fura. A gaisa a tsanake, a karɓi gaisuwar rashi, a sha ruwa. Sai can ka ce, "Gwaggo, so muke mu adana labarin Inna saboda yara, ko kin yarda in ɗauki muryarki a waya?" In ta ƙi, ka ajiye wayar ka saurara, ka rubuta da ka fita tun bai gushe ba. In ta yarda, toshe kiran wayar don kada ya katse ɗaukar, ajiye ta a kan tabarma kusa da ita, nesa da rediyo da fanka. A farkon ɗauka ka faɗi ranar da garin da sunan mai magana. Da hantsi ya fi, kafin gajiya da zafin rana. Awa guda ta isa, gara ka dawo sau uku da ka gajiyar da ita a zama ɗaya.

Asirin aikin yana cikin irin tambayar. In ka ce "wace irin mace ce?" amsar da ka ji a makoki za a sake ba ka. Tambayi abin da ido ya gani, hannu ya taɓa. A ina kuke ɗebo ruwa kuna yara? Wa ya yi mata kitson aure? A kan me aka kai ta, doki, ƙafa ko mota? Me aka jera mata a ɗaki, ƙorai ko tasoshi? Da wace sana'a ta fara, wa ya ba ta jari? Nawa take sayar da kwalbar man gyaɗa? Wace waƙa take yi in tana niƙa? In ranta ya ɓaci me take cewa? Wane ciwo ne ya taɓa kwantar da ita, wa ya yi jinya? Wa ta fi tsoro, wa ta fi so a cikin danginta?

Ka tafi da wani abu nata, tsohon zane, mazari, carbi, kwanon da take auna gari. Na ga tsohuwar da ta ce ba ta tuna komai, da aka miƙa mata wata tsohuwar tasa ta juya ta, sai ga labarin bikin da aka saye ta dominsa, da na fatarar da ta sa aka sayar da sauran tasoshin, aka bar wannan kaɗai.

In ta yi shiru, kai ma yi shiru. Kada ka cike mata magana, kada ka gyara mata ko da ka san ta rikita suna. In ta yi kuka, a yi wa mamaciya addu'a, a dakata. In ta kauce ta shiga labarin kanta, bar ta, labarinsu a haɗe yake, kuma watakila babu wanda ya taɓa tambayarta nata.

Gano shekaru

Nan ne mutane ke karaya. Yawancin kakanninmu ba su da takardar haihuwa, shekarar da ke jikin fasfo ko katin zaɓe kuwa kintace ne na ranar da aka cike takarda. Amma ana iya kusantar gaskiya ƙwarai.

Fara da sunanta. Ladi, Tani ko Altine, Talatu, Larai ko Balaraba, Lami, Jummai, Asabe, kowanne ya ba ka ranar mako. Azumi ta ba ka wata, Tasalla ta ba ka lokacin salla, Marka ta ce maka tsakiyar damina ne. Kande ta nuna maza ne suka gabace ta. Tsagar fuskarta ma, in tana da ita, tsofaffi na iya gaya maka ta wace zuriya ce ko wane yanki.

Sannan ka auna rayuwarta da manyan abubuwan da kowa ya shaida. Tsofaffi ba sa cewa 1956, amma suna cewa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi hawan daba a Kaduna. Ka riƙe irin waɗannan a takarda kana tambaya, lokacin kaza tana ina, goyon wa take yi? 'Yancin kai a 1960, Nijar a watan Agusta, Nijeriya a watan Oktoba. Kisan Sardauna a Janairun 1966. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi a Afrilun 1972. Barin fam da sule a koma naira da kwabo a farkon 1973, shekarar da jirgin alhazai ya yi hatsari a Kano, kuma shekarar babban fari. Hawan Seyni Kountché mulkin Nijar a 1974. Kisan Murtala a Fabrairun 1976. Rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980. Rasuwar Malam Aminu Kano a 1983. Canjin kuɗi da yunwar 1984, wadda a wasu sassan Nijar ake kira El-Buhari.

Zamanin sarakuna ma ma'auni ne. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Ado Bayero ya hau a 1963. Sarkin Katsina Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi daga 1938 zuwa 1988. Kowane gari kuma yana da nasa: shekarar gobarar kasuwa, shekarar da aka kawo famfo, shekarar ƙyanda, shekarar naɗin dagaci. Tsofaffin ƙofar fada sun riƙe waɗannan.

Ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ƙanwarta ta gaya maka ranar da aka ji labarin Sardauna tana goyon ɗanta na uku, bai fara tafiya ba. To an haife shi a 1965. Matan wancan zamani kan shayar kusan shekara biyu kafin yaye, don haka tsakanin haihuwa da haihuwa akan sami shekara biyu da rabi zuwa uku. Ɗan fari ke nan ya faɗo wajen 1959 ko 1960, sai dai in an yi ɓari ko an rasa wani a tsakani, wanda dole ka tambaya. Sai ka tambayi shekara nawa ta yi a ɗaki kafin haihuwar fari, da ko tana 'yar shekara nawa aka yi auren. In an ce shekara biyu ta yi, an kuma aurar da ita tana sha huɗu ko sha biyar, haihuwarta ta faɗa wajen 1943. Rubuta "wajen 1943". Kalmar "wajen" ba aibi ba ce, ƙirƙiro rana da wata ne aibi.

In ka ci karo da shekarar Hijira a bayan Alƙur'anin mahaifinta ko a wata wasiƙa, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1365 za ta ba ka 1946. Kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Adakarta

Kayan ɗakinta gado ne, akwai haƙƙin magada a kai, wataƙila har da marayu. Kada ka ɗauki ko tsinke da sunan tarihi. Abin da za ka roƙa shi ne a bar ka ka ɗauki hoton komai kafin a raba: zannuwan da ta ɓoye a ƙasan adaka, jeren kwanoni, awarwaro, allonta na islamiyya, fasfon hajji, katin asibiti, wasiƙu. In akwai rubutun ajami, kai wa malamin da ya iya ya karanta maka kana ɗaukar muryarsa.

Tsofaffin hotuna a shimfiɗa su kusa da taga da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman hoton. A ɗauki bayansa ma, don wani lokaci akwai hatimin mai hoto da sunan gari. Sannan a kai wa tsofaffi su faɗi sunan kowa da ke ciki, a rubuta nan take. In za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na rage ingancin hoton. Kada a bar komai a waya ɗaya. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta. A sa kwafi a Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta, wani a katin ajiya, wani a hannun ɗan'uwa a wani gari.

Abin da za a rubuta da abin da za a bari

Za ka ji abin da ba ka zata ba. Auren fari da ya mutu, rikicin kishi, ɗan'uwan da ya cinye mata gado, shekarun da maigida ya tafi ci-rani babu aike. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Duk abin da zai tona asirin mamaci ko ya tada gaba tsakanin masu rai, ya tsaya a kunnenka, ka kuma goge shi daga muryar da za ka raba.

Amma ban yarda a share wahala gaba ɗaya ba. In ka cire ta, ka cire ma'anar haƙurin da ake yabo. Ana iya cewa ta yi shekara huɗu tana ciyar da yara shida da kuɗin ƙuli-ƙuli ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. 'Ya'yanta da suka rasu suna ƙanana kuma a rubuta sunayensu a jerin haihuwa. Ita ba ta taɓa cire su daga lissafi ba, ko da ba ta ambatonsu.

Rubutawa

Saurari kowace murya ka kwafe ta a takarda yadda aka faɗa. Awa ɗaya takan ci mini awa huɗu ko biyar, don haka a raba wa jikoki masu karatu. Kada a mayar da Sakkwatanci ko Katsinanci ko Damagaranci zuwa Hausar makaranta. In "shina" ta ce, a bar "shina". A sa allon rubutun Hausa a waya don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.

Daga nan bi rayuwarta daki-daki: asali da iyaye, ƙuruciya, aure, haihuwa, sana'a, karatu da ibada, tsufa, jinya da rasuwa, sai jerin 'ya'ya da jikoki. Inda mutum biyu suka saɓa, kawo duka biyun ka faɗi wanda ya ce kaza. Ware shafi guda don maganganunta, karin maganar da ta fi yi, addu'ar da take yi wa mai tafiya, sunayen da ta laƙa wa jikoki. Wani shafin kuma don yadda take haɗa daddawa ko miyar da ba a samun irinta a wani gida, da ma'auninta na gwangwani da tafin hannu. Shafi goma sha biyar zuwa ashirin sun isa.

Kafin a buga, koma wurin waɗanda suka ba ka labari ka karanta musu da baki. Za su gyara, za su kuma tuno da sabo. Sannan a buga kwafi ga kowane ɗaki na zuriyarta. Saboda waɗanda ba su yi boko ba, wani mai murya ya karanta duka a ɗauka a tura musu.

Abin da zai isa gare ta

Littafin na masu rai ne. Ita abin da ke isa kabarinta shi ne wanda hadisi ya faɗa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi mata addu'a. Malamai sun saɓa a kan taron uku da bakwai da arba'in, kowane gida da malaman da yake bi, amma ban san wanda ya yi musun sadaka da addu'a ba. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce.

Tarihin da ka tattara zai nuna maka sadakar da ta dace da ita. Wadda ta yi ƙuruciyarta tana tafiya mai nisa da tulu a ka, a haɗa kuɗi a yi rijiya a ƙauyensu, a kuma ajiye wani abu don gyara, domin famfon da ya lalace aka bar shi ya daina gudana. Wadda ta shiga islamiyya da furfura ta sauke, a sayi Alƙur'anai da tabarmi a kai ajinsu. Wadda ta yi ungozoma, a riƙa biya wa wata mai naƙuda kuɗin magani. Wadda ba a taɓa sauke tukunyarta ba a zuba wa almajiri ba, a ci gaba da zuba wannan kwanon.

Sai ƙawayenta. Manzon Allah yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ka buɗe littafin nan na zaman makoki, ka fitar da sunayen tsofaffin da suka rage, ka raba su tsakanin 'ya'ya da jikoki, kowa ya san tasa. Da azumi a kai sukari da gero, da layya a kai nama, a zauna a gaisa ko na rabin awa ne. In za ka je, tafi da wayarka da caji, don sau da yawa a zuwa na uku ko na huɗu ne tsohuwa kan ce, af, na manta ban gaya maka ba.